Habaicin da na yi wa Ya Falmata a kan tallan da aka ƙi

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a kan tukunyar turara shinkafa. Ya Falmata ta rasu.

Ƙanwarta ce ta kira. Na ce wace Falmatar? Sai ka ce ina da wata. Ta ce, "Taki, Anti Dije. Bayan sallar asuba ta cika."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Shinkafar ma maƙwabciyata ce ta leƙo ta sauke min ita.

Dawowata ke nan daga gidan makoki, ko mayafi ban cire ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya aka kai ta makwancinta. Ina da magana, kuma ku yi haƙuri za ta yi tsawo. Na san halin wasunku, in rubutu ya wuce layi biyar sai ku danna alamar hawaye ku yi gaba. Yau dai don Allah ku karanta har ƙarshe, saboda da yawanku kuna cikin maganar.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce mai ɗan shagon kwamfutar nan na bayan kasuwar Haɗeja. Buga takardu, cike fom, ɗaukar ƙaramin hoto. Daga baya ta koyi kula da shafukan 'yan kasuwa a wannan dandali, tana ɗora musu talla suna biyanta. Da wannan shagon ta riƙe yara uku da tsohuwar mahaifiyarta tun rasuwar mijinta.

Kakanninta daga bakin Tafkin Chadi suka zo, ni kuma kun sani Bafulatana ce. To kun san Fulani da Barebari. Ban taɓa shiga shagonta na yi sallama irin ta mutane ba. Daga bakin ƙofa nake cewa, "Ina baiwata?" Ita kuma ko ɗagowa ba ta yi daga kan kwamfuta, sai ta ce, "Fillo, an sayar da nonon ne, ko yau ma rabinsa ruwa ne?"

Shekara huɗu ta ba ni. Ko a cikin wasa ban taɓa kiran sunanta gatsau ba, sai da Ya ɗin nan tasu.

Ita ta buɗe min wannan shafin da kuke karanta ni a kai. Lokacin ko hoto ban iya ɗorawa ba sai ya fito a kife. Ta zaunar da ni a kan benci yini guda, ba ta karɓi ko sisi ba. Da na matsa sai ta ce in kawo mata kindirmo, wai amma na gaske.

Lokacin da Innarmu ta kwanta asibiti, ita ce ke kawo min abinci da rana. Ta rufe shago, ta hau babur da kwanon tuwo a cinya. Takan haɗo da ɗan ƙullin turaren wuta, ta ce in kai gida in turara kayan Inna, warin magani yana karya zuciyar mara lafiya.

Sana'armu kuma yawancinku kun sani. Mu mata ne muka haɗa ƙungiya, ni ce shugaba. Da kaka muna haɗa jari mu sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a hannun manoman Auyo tana araha, mu zuba a sito, in ta yi daraja mu turara, mu kai injin casa, mu sayar, a raba abin da Allah ya bayar. Da muka ga abin yana tafiya, sai muka ce bari mu nemo ƙarin mata su zuba jari. Nan maganar talla ta shigo, nan kuma shaiɗan ya samu ƙofa.

Ba na manta ranar da muka je ɗaukar hotunan tallan. Muka hau babur zuwa wajen Auyo, daga nan dole sai kwalekwale, domin gonar tana tsallake. Jama'a, ashe Ya Falmata tsoron ruwa take! Ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu, ta rufe ido, tana ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta cin abinci. Na ce, "Oh ni Dije! Jikar masu tafki guda ce ke makyarkyata a ruwan da ko ƙugu bai kai ba?" Mai jirgin ya yi dariya har sandarsa ta kusa suɓuce masa.

Da muka sauka ta ce, "Kakannina sun sha ruwan da ya ishe mu har jikoki. Ni a tudu aka haife ni."

Amma ta ɗauki hotuna masu kyau, wallahi. Har yau su nake amfani da su.

Ni na rubuta kalmomin tallan da hannuna. Na ce: zuba jarinki a shinkafar Auyo, riba tabbas cikin wata huɗu. Na haɗa da hotona ina riƙe da damin kuɗi, ina murmushi har kunne.

Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "Fillo, wannan ba zai wuce ba."

Na ce me ya sa? Ta ce masu dandalin nan suna sa ido sosai a kan duk tallan da ya shafi kuɗin mutane. Ba sa yarda a yi wa mutum alƙawarin riba. Ba sa son hoton damin kuɗi. Kuma za su so su ga shaidar cewa ƙungiyar tana da rajista. Ta ce in cire kalmar tabbas, in rubuta a fili cewa kasuwa ce, ana iya samun riba, ana iya yin asara.

Asara! A tallana!

Na ce, "Ya Falmata, wane irin mugun baki ne wannan? Ni 'yar kasuwa ce, jikar 'yan kasuwa. A gidanmu ko da wasa ba a kiran wannan kalmar a kan kaya tun ba a saya ba. Ke kuma kina so in rubuta ta da hannuna, in biya kuɗi a yaɗa ta duniya ta gani?"

Ta ce, "Wanda abincinsa ke bakin kogi ba ya cewa tabbas. Ke kin san abin da ruwa yake yi mana in ya ga dama."

Na ce ta ɗora shi haka nan. Kuɗina ne.

Ta ɗora. Kafin la'asar suka yi watsi da shi.

Na ce ta sake. Ta sake, suka sake ƙi. Na ce to mu yi musu wayo, mu raba kalmar da ɗigo-ɗigo, ko mu rubuta ta a jikin hoto yadda na'urarsu ba za ta gane ba, na ga wasu suna yi. Nan ta ƙi ƙememe. Ta ce in aka yi ta turawa ana ƙi, ko aka kama mu da irin wannan dabarar, shafin gaba ɗaya za su rufe. Ta ce, "Kuma ko sun bari ya wuce, ni ba zan sa hannuna a yaudari matar da ta sayar da akuyarta ba."

Yaudara. Da kalmar nan na koma gida.

A daidai wannan lokacin, kullum na buɗe waya sai na ci karo da tallan wata ƙungiyar mata ta Jahun, masu ajiye busasshen barkono. Nasu yana ta yawo lafiya lau. Na tambaya, aka ce ai Ya Falmata ce ke ɗora musu.

Sai wata a cikin guruf ɗinmu, ba zan kira sunanta ba domin laifin nawa ne da na saurara, ta ce min, "Shugaba, ke ba ki sani ba? Ai ba a ƙin talla haka kawai sai in wani ya yi rifotin ɗinsa. Wa ya san lokacin da ake ɗora naki?"

Shi ke nan. Ban bincika ba, ban tambaye ta ba. Zuciyata ta haɗa min lissafi tsaf: tana ɗora nawa da hannun dama, tana kai ƙararsa da na hagu, don matan Jahun su kwashe mutanen.

Da na je na zazzage ta a shagonta mu biyu, da da sauƙi. Da mun yi faɗanmu mun gama. A'a, sai na zo nan na yi habaici.

Wasunku kun tuna shi. Na rubuta cewa a yi hattara da masu zuwa daga bakin tafki da turare a hannu da wuƙa a cikin zane, masu cin kuɗinka suna kai ƙarar tallanka a bayan idonka. Na ƙara da cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ban kama suna ba. Amma mace nawa ce a garin nan Babarbariya mai ɗora talla?

Da farko wasu sun ɗauka wasanmu ne na kullum. Wata ta rubuta a ƙasa, "Fulani da Barebari an fara!" da alamar dariya. Allah ya ba ni ƙofar fita a nan, da na bi ta da magana ta mutu. Ni da hannuna na amsa mata na ce, "Wannan karon ba wasa ba ne."

Aka yi ta yaɗawa. Masu cewa Allah ya isar min, masu cewa dama sun daɗe suna zarginta. Har da waɗanda ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Ita kuwa ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba. Washegari ta aiko min da takardun ƙungiyarmu a cikin ambulan, da lambobin sirrin shafina a rubuce a ƙaramar takarda, da saƙo cewa in canza su don hankalina ya kwanta. Sau biyu ta kira ni ban ɗauka ba. A na uku na yi bulokin ɗinta.

Na nemo wani a Kano da aka ce gwani ne, wai babu tallan da ba ya wucewa a hannunsa. Ya karɓi na aikinsa, ya yi dabarar ɗigo-ɗigon nan da nake so. Aka ƙi. Ya sake, aka ƙi. A karo na gaba sai ga sanarwa, an dakatar da shafina daga ɗora kowane irin talla. Na kira shi, wayarsa ta daina shiga.

To yanzu wa ya kai ƙara? Ya Falmata ba ta san ranar ba, ba ta san lokacin ba, ba ta ma iya ganin shafina.

Ranar ne na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na danna wurin da aka ce a duba dalili. Turancina ba wani mai yawa ba ne, amma na gama sakandare, kuma layi uku ne kacal. An yi alƙawarin riba. Ba a bayyana haɗarin da ke ciki ba. Babu shaidar rajista. Na koma kan na farko, wanda ita ta ɗora, na duba. Layukan nan uku ne dai. Babu maganar rifot ko ta wani mai ƙara a ko'ina.

Abin da ta faɗa min ke nan tana riƙe da tabarau a hannu.

Na leƙa tallan matan Jahun na karanta shi a tsanake, karon farko ba da idon kishi ba. Ga shi nan a rubuce ƙarara: kasuwa ce, riba da asara duk namu ne tare.

Na buɗe ambulan ɗin da ta aiko, wanda na jefa a ƙasan akwati. Ashe har ta yi wa takardar rajistarmu hoto mai kyau ta haɗo a ciki. Da ita na nemi a sake duba shafina. Na jira kusan mako biyu suka buɗe. Na cire hoton damin kuɗi na sa na buhuna, na goge tabbas, na dafe zuciyata na rubuta kalmar da aka hana mu kira a gidanmu. Kafin in idar da sallar azahar tallan ya wuce.

Ku lura da kyau, domin nan ne ainihin laifina. Zargin da na yi mata, sai in ce rashin sani ne da zafin zuciya. Amma tun daga wannan ranar na san gaskiya. Yau shekara ɗaya da wata bakwai ke nan.

Na cire bulokin. Ban kira ba.

Kullum sai in ce wa kaina, ai ban kama suna ba. Wanda ya tsargu shi ya sani. In na fito na ce na yi kuskure, matan da suka ba ni amanar jarinsu za su ce ashe shugabar tamu haka take, mai yanke hukunci da ka. Na goge habaicin a ɓoye wata ranar Talata, na ce ai magana ta wuce. Na manta magana zarar bunu ce, kuma wannan a bakin mutane ta riga ta zauna.

Damina ta zo, ruwa ya yi abin da ya saba. Ya shiga unguwar da sitonmu yake, ya jiƙa layin buhunan ƙasa kafin mu samu motar kwashewa. Mun yi asara a wannan zagayen. Na tara matan, ina jiran a ci mutuncina. Sai wata dattijuwa daga wajen Baturiya ta ce, "Shugaba, ai kin faɗa mana tun a tallan. Allah ya mayar da alheri." Babu wadda ta kai ni ƙara ko'ina.

Da kalmar nan tawa ta tabbas ce ta fita, da yanzu ban san inda nake ba.

Ko a ranar ban kira ta ba. Kai, Dije!

Ina wucewa ta bayan kasuwa ina ganin shagon. Da can sai ka yi layi a kan benci. Yanzu sai ka hango ta ita kaɗai tana kallon titi. Masu kayan ɗaki, masu atamfa, masu turare 'yan'uwanta ma, ɗaya bayan ɗaya suka janye shafukansu daga hannunta. Wa zai ba da lambar sirrinsa ga wadda aka ce tana cin amana? Matan Jahun ne kawai suka tsaya da ita. Ni kuma sai in ja mayafi in ce wa mai babur ya bi ta ɗaya hanyar.

Sai na ji ciwon ƙoda ya kama ta. Ana kai ta wankin ƙoda, ana dawo da ita. Kun san abin da wannan ciwon yake ci. A lokacin da ta fi bukatar kowane kwastoma, ni na riga na kore mata su.

Mako uku da suka wuce na kasa daurewa, na je dubiya.

Na tarar da ita a kan katifa a tsakar ɗaki, ƙafafun sun kumbura, fuskar ta yi fayau. Na tsaya a bakin ƙofa. Ita ce ta fara magana.

"Yau ba a neman baiwa ne?"

Na fashe da kuka. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, layukan nan uku, mutumin Kano, ambulan, ruwan da ya shiga sito. Na ce ta yafe min don girman Allah.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce a miƙo mata ruwa, ta ɗan jiƙa leɓe, domin an ƙayyade mata abin da za ta sha.

Ta ce, "Na san kin gane tun ranar da na ga tallanki ya fito da asara a ciki. Na yi dariya ni kaɗai, na ce Fillo ta sha magani."

Na ce to me ya sa ba ki ce komai ba?

Ta ce, "Me zan ce? Ba ki kira sunana ba. In na fito na kare kaina, na amsa ke nan."

Ta mayar da numfashi. Sai ta kama hannuna.

"Dije, a kasuwa kika zage ni, kuma kina so ki ba ni haƙuri a ɗaki? Ba don ni ba. Yaran nan da sunana za su yi yawo a garin nan. Ki je inda kika rubuta wancan ki rubuta wannan. In kin rubuta ki dawo, mu yi maganar yafiya. Ki taho da kindirmo, ko ba zan sha ba in gani."

Da murmushi ta faɗa. Na ce wallahi yau ɗin nan zan rubuta.

Na rubuta kuwa. A ranar na rubuta, yana nan a wayata. Amma kaka ta kawo kai, muna tsakiyar karɓar sababbin mata, talla yana ta yawo. Na ce bari a rufe karɓar jari tukuna, kar magana ta tashi a ɓata tafiyar. Da aka rufe na ce bari a gama sayen shanshera. Shekaranjiya na buɗe shi na gyara wata kalma, na ce Juma'a rana ce mai albarka, ranar zan sake shi.

Yau Laraba.

Da na isa gidan ɗazu har an yi mata sutura. Na samu gefen tabarma na zauna a cikin mata. Bayan maza sun fita da ita, gida ya ɗan lafa, sai na ga mutane suna satar kallona. Wata ta matso ta ce min a hankali, "Ke kam Hajiya Dije kin cika 'yar halak. Duk abin da ya faru kika zo."

Ban gama haɗiye wannan ba aka ce Iya tana kirana. Mahaifiyarta ke nan, tsohuwa ce sosai, idonta ma ba ya gani da kyau. Na je na durƙusa. Ta lalubo hannuna ta riƙe da nata biyun, ɗakin cike da mata.

Ta ce, "'Yata, an ce min akwai abin da ya shiga tsakaninku a kan sana'a. Ni ban san kan abin wayar nan taku ba, ita kuma ba ta taɓa faɗa min ba. Yanzu ta tafi inda ba ta iya ba da haƙuri. Ni uwarta ina roƙonki, abin da ta yi miki ki yafe mata, kar ya tsare ta a can."

Jama'a, kun san abin da na ce?

Na ce, "Na yafe, Iya."

Wallahi haka bakina ya furta. Ɗaki ya ɗauka da Allah ya yi miki albarka. Tsohuwar nan ta shafa kaina tana sa min albarka, ni da na kashe wa 'yarta kasuwa. Na tashi na fito, ko takalmina ban tsaya nema ba, na wata na sako.

To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wancan karon habaici na yi. Yau zan kama suna.

Ya Falmata, mai shagon kwamfuta na bayan kasuwa, ba ta taɓa kai ƙarar tallana ba. Ba ta ci amanata ba, ba ta ci ta kowa ba. An ƙi tallana ne saboda abin da ni na rubuta, kuma ta faɗa min tun kafin a ƙi shi. Ni Dije na yi mata ƙazafi. Na gane gaskiya na ɓoye ta shekara ɗaya da wata bakwai saboda tsoron kar a raina ni. Ta roƙe ni abu ɗaya tana kwance, na yi ta ɗaga shi saboda kasuwa.

Matan ƙungiyarmu, wadda ta ga ba za ta iya ci gaba da shugaba irina ba, ba zan ga laifinta ba. Mu haɗu ranar Asabar ku yanke abin da kuka ga dama.

Ku kuma da kuka yaɗa wancan rubutun, ban ɗora muku laifi ba, ni kuka yarda da ita. Amma ina roƙonku ku yaɗa wannan kamar yadda kuka yaɗa wancan. Wadda ta kai labarin gidan biki ko gidan suna da baki, ta koma ta warware shi da baki. Wanda ya janye shafinsa daga shagon, ya sani babbar 'yarta ta iya aikin, a hannun uwarta ta koya, kuma shagon zai buɗe bayan addu'ar bakwai.

Iya ba ta karatu a waya. Ina sauke wannan zan koma gidan kafin magariba, tun matan ba su watse ba, in durƙusa a inda na durƙusa ɗazu in faɗa mata da bakina wace ce ya kamata ta roƙa wa yafiya. Ban san da wane ido za ta dube ni ba, kuma duk abin da ta ce na cancanta.

Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka Falmata. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ka haskaka kabarinta, ka yalwata mata shi. Haƙurin da ta yi da bakina ka saka mata da Aljanna Firdausi. Ka raya abin da ta bari, ka wanke sunansu a garin nan, ka ba Iya juriya.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tsaya ya yi mata addu'a da sunanta, ko Ƙulhuwallahu uku ce, kar a tsaya a danna alama kawai.

In kun gama tata, ku saka ni a ciki. Ta ce in rubuta in dawo mu yi maganar yafiya. Ga shi na rubuta, Ya Falmata, amma babu inda zan dawo in same ki.